Ratsi Uku: Yadda Ɗinkin Gefen Takalmi Ya Zama Dukiyar Adidas

A kudancin Jamus, kusa da birnin Nuremberg, akwai wani ƙaramin gari mai suna Herzogenaurach, wanda ɗan kogin Aurach ya ratsa ya raba biyu. Tun kafin yaƙin duniya na ɗaya garin ya yi suna da ɗinkin takalma. A nan aka haifi Rudolf Dassler a 1898, da ƙanensa Adolf, wanda kowa ke kira Adi, a 1900. Mahaifinsu ma'aikacin masana'antar takalma ne, mahaifiyarsu kuwa wanki take yi ana biyanta. Da aka gama yaƙi Adi ya dawo gida, a ɗakin wankin nan na uwarsa ya kafa teburi ya fara yanka fata. Ranar 1 ga Yuli 1924 shi da wansa suka yi wa kamfaninsu rajista da sunan 'yan'uwa Dassler. Adi mutum ne mai shiru-shiru, hankalinsa duk yana kan takalmi. Rudolf shi ne mai baki, shi ke fita neman kasuwa.

Takalmin tsere na wancan zamani da fata mai laushi ake yin sa, don kada ya yi wa mai gudu nauyi. Illarsa ita ce fatar tana saki. In an yi ta gudu da shi, musamman a kan kwana, sai tsakiyarsa ta buɗe, ƙafa ta riƙa zamewa a ciki. Dabarar da masu ɗinki suka samo ita ce su yanko siraran fatu su ɗinka a gefe, daga wajen igiya zuwa tafin takalmin, su kame tsakiyar ƙafa tamau. 'Yan'uwa Dassler sukan sa guda biyu, kuma ba su kaɗai ke yin haka ba. Da yake launin fatun ɗaya ne da na takalmin, baƙi a kan baƙi, ba wanda ke ko kallonsu. Aiki aka sa su yi, ba a ɗauke su ado ba, balle shaidar wani kamfani.

Sana'a ta karɓe su. A gasar Olamfik ta 1928 a Amsterdam, Lina Radke ta ci zinare a tseren mita 800 da takalminsu, kuma gidan Dassler ya daɗe yana alfahari da cewa nasu ne a ƙafar Jesse Owens, baƙar fatan Amurka da ya kwashe zinare huɗu a Berlin a 1936. Sai dai wanda ya ga hoton Owens a jarida ba shi da hanyar gane wa ya ɗinka takalmin. Takalmi ne baƙi kamar na kowa. Ɗaukakar ta tsaya ga masu horarwa da 'yan wasa da suka san zancen da baki.

Duka 'yan'uwan biyu sun shiga jam'iyyar Nazi a 1933, kuma a ƙarshen yaƙi na biyu an mai da masana'antarsu wurin ƙera makamai. Zaman gida ɗaya ya riga ya yi tsami, matansu ba sa ga maciji da juna. Bayan yaƙi sojojin Amurka suka tsare Rudolf na kusan shekara guda, shi kuwa ya ƙudurce a ransa cewa ƙanensa ne ya kai sunansa. A 1948 suka raba gari, suka raba injuna da ma'aikata. Rudolf ya haye kogi ya kafa Puma. Adi ya zauna inda yake, ranar 18 ga Agusta 1949 ya yi wa nasa kamfanin rajista da suna Adidas. Gaba ta ratsa garin kaf, har aka riƙa yi masa laƙabi da garin masu sunkuyar da kai, wai mutum sai ya dubi takalmin da ke ƙafarka kafin ya yanke ko zai yi hira da kai.

To, rabuwar nan ce ta haifi alamar. Masana'antu biyu a gari ɗaya, duka na Dassler, duka suna ɗinka irin takalmi ɗaya, dole kowa ya nemi abin da zai bambanta nasa. Adi bai je neman wani sabon zane ba. Fatun nan na gefe ya duba, ya mai da su farare a kan baƙin takalmi, ya ƙara ɗaya suka zama uku, tunda biyu na tsohon kamfanin da aka rushe ne. A ganina wannan ita ce dabara mafi girma da ya yi a rayuwarsa, ta fi duk gyare-gyaren da ya yi wa tafin takalmi. Suna a jikin takalmi sai an matso kusa, kuma sai wanda ya iya karatu. Farin ratsi a kan baƙar fata kuwa daga can saman filin wasa ana hango shi, yana fitowa raɗau a hoton jarida marar launi, kuma ba ruwansa da yaren mai kallo. Duk wanda ya taɓa aiken yaro ya sayo magi mai tauraro ya san yadda hoto ke riga suna shiga kai.

Sai ga shi ashe wani ya riga shi. Kamfanin Karhu na ƙasar Finlan, wanda aka kafa tun 1916, shi ma yana sa ratsi uku a takalmansa, kuma a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952 abin ya fito fili. Adi bai tsaya jayayya ba, ya sayi haƙƙin. Yadda Karhu ke ba da labarin, kuɗin da aka biya ya yi daidai da yuro 1,600 na yanzu, da kwalaben wuski biyu. Tun daga ranar farko ke nan, ratsin nan ba ƙirƙirar mutum ɗaya ba ne. Abu ne da kowane baduku zai iya faɗawa a kai, kuma wannan gaskiyar za ta yi ta bin kamfanin zuwa kotuna shekaru saba'in.

Ranar 4 ga Yuli 1954 aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya a birnin Bern na Suwizalan. Hungari, wadda ta shekara huɗu ba a ci ta ba, ta riga ta lallasa Jamus ta Yamma da ci 8 da 3 a zagayen farko. Ran nan aka wuni ana ruwa, fili ya zama caɓi. Adi yana tare da tawagar Jamus, kusa da mai horar da su Sepp Herberger, kuma takalman da ya kawo suna da ƙusoshin ƙasa waɗanda ake kwancewa a ɗaura wasu. Ya sa musu dogaye. Jamus ta farfaɗo daga ci biyu da nema ta yi nasara 3 da 2. Wannan ne kofin duniya na farko da aka nuna a talabijin, kuma ga ƙasar da yaƙi ya durƙusar, hotunan ranar sun zama abin adanawa. A ƙasan kowane hoto ga fararen ratsi uku cikin taɓo.

Bayan shekara biyu Adi ya tura ɗansa Horst, yana ɗan shekara 20, zuwa gasar Olamfik ta Melbourne a Ostareliya. Dokar lokacin ta hana ɗan wasan Olamfik karɓar kuɗi ko yin talla. Horst ya riƙa raba takalma kyauta. Ba wanda ya ambaci sunan kamfani, ba allon talla ko ɗaya, amma duk wanda ya hau dandamalin karɓar lamba da takalmin nan ya yi wa Adidas tallar da kuɗi ba sa saye. Puma ta ga haka, a 1958 ta fito da nata lanƙwasasshen ratsin guda ɗaya a gefen takalmi.

A 1967 Adidas ta fara ɗinka kayan motsa jiki, riga da wando, da sunan ɗan ƙwallon Jamus Franz Beckenbauer, ratsin ya gangaro daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, daga ƙugu zuwa idon sawu. A nan ne ya rabu da aikinsa na asali kwata-kwata, domin a hannun riga ba abin da yake ɗaurewa. Shaida ce zalla. Wanda ya fi kowa tabbatar da haka ma ba mutumin Adidas ba ne. A kofin duniya na 1974 'yan wasan Holan suna sanye da jesi mai ratsi uku, amma kyaftin ɗinsu Johan Cruyff yana da yarjejeniya da Puma. Ya ƙeƙasa ƙasa ya ce ba zai sa ba. Sai da aka cire masa ɗaya, ya buga gasar har wasan ƙarshe a Munich da ratsi biyu a kafaɗa, lamba 14 a baya. Zare ɗaya ne bambancin, amma shi da kamfanonin biyu da masu kallo duk sun san abin da cire shi ke nufi. A shekarar Rudolf ya rasu, Adi ya bi shi a 1978, aka binne su a maƙabarta ɗaya, kowa a can ƙarshen nasa ɓangaren.

Daga nan alamar ta fita daga fili ta shiga titi. Mawaƙan Run-DMC na Niyok sun mai da takalmin Superstar marar igiya kayan ado a 1986, kuma a wajenmu jesin da Rashidi Yekini ya riƙe raga da shi a Amurka a 1994, da wanda Super Eagles suka ɗauki kofin Afirka da shi a 2013, duka na Adidas ne. Kamfanin ya ƙara wasu tambura, fure mai ganye uku a 1972, da sanduna uku masu kama da tsauni a farkon shekarun 1990, amma kowanne da ratsin a cikinsa.

Abin da doka ke nema ga alamar kasuwanci ba kyau ba ne, ba kuma wai wane ya riga kowa zana ta ba. Tambayarta ita ce: in mai saye ya ga wannan abu, yana gaya masa daga wane kamfani kayan suka fito? Saboda haka take ƙin yi wa abin da aikin kaya ya tilasta rajista, don kada mutum ɗaya ya toshe wa sauran masu sana'a hanya, take kuma ƙin adon da kowa ke yi. Alamar Nike, wadda wata ɗaliba mai suna Carolyn Davidson ta zana a 1971 aka biya ta dala 35, ba ta da wannan matsala, haka dabbar Puma mai tsalle. Siffofi ne da ba wanda zai ce ya yi su bisa kuskure. Ratsi fa? Yana jikin wandon soja, yana wuyan rigar ma'aikacin jirgin ruwa, yana jikin gwadon da masaƙa ke saƙawa tun kaka da kakanni. Ƙofa ɗaya doka ta bari: in ka daɗe kana amfani da abu gama-gari har jama'a suka koyi ganinsa a matsayin naka, za a ba ka kariya. Amma kai za ka kawo hujja, kuma kariyar ba ta wuce iyakar abin da jama'ar suka koya. Ta wannan ƙofar Adidas ta shiga, kuma duk shari'unta a kan faɗin ƙofar ake yin su.

Ba a yi mata adalci ba in aka ce son rigima ne kawai ke kai ta kotu. Mai irin wannan alama in ya yi sake kowa ya riƙa sa ratsi biyu ko huɗu a wuri ɗaya da nasa, a hankali idon jama'a zai daina danganta ratsi da shi, kuma ranar da hakan ta faru hujjarsa ta rushe. Don haka take tsaye da sanda. Takardun kotu sun nuna cewa daga 2008 ta shigar da ƙara fiye da 90 a kan ratsin, ta kuma yi sulhu fiye da 200.

A Holan ta yi ƙarar wani kamfani mai suna Fitnessworld saboda ratsi biyu a kayan motsa jiki. Magana ta kai kotun ƙoli ta Tarayyar Turai, wadda ta yanke a 2003 cewa shahararriyar alama tana da kariya ko da mai saye bai ruɗe ba, muddin ganin kayan ya sa ya tuna da ita. Amma ta ƙara da cewa in jama'a ado kawai suke gani a ratsin wancan, to babu laifi. Wata ƙarar da ta shigar kan H&M a 1997, ita ma a kan ratsi biyu, sai da aka kai ruwa rana fiye da shekara 20, a ƙarshe H&M ta yi nasara. A Amurka kuwa ta ci babbar riba. A watan Mayun 2008 masu taya alƙali yanke hukunci a birnin Portland suka samu kamfanin Payless, mai sai da takalma masu araha, da laifin kwaikwayo da ratsi biyu da huɗu, suka ɗora masa diyyar kusan dala miliyan 305. Alƙali ya rage ta zuwa kimanin miliyan 65. A wannan shari'ar ba ƙidayar ratsi kaɗai aka duba ba, an duba yadda aka jera su a gefen takalmi da kuma yadda siffar takalman ta bi ta Adidas sau da ƙafa. Shi ya sa K-Swiss, mai ratsi biyar tun 1966, take nan tana kasuwarta.

Shahara ma ta zo da nata cikas. Kwamitin Olamfik na duniya ya taɓa ƙayyade girman tambarin kamfani a jikin riga, kada ya wuce murabba'in santimita 20. Abokan hamayya suka yi ƙorafi cewa su an matse su a ɗan lungu, ga Adidas tana shimfiɗa alamarta daga kafaɗa zuwa hannu. Kwamitin ya yarda da su, daga gasar hunturu ta Turin a 2006 aka hana dogon ratsin.

Shari'ar da ta fi kowace koyar da darasi ita ce ta 2019. A 2014 ofishin rajistar alamun Tarayyar Turai da ke Alicante a Sifaniya ya yi wa Adidas rajistar wani hoto: baƙaƙen ratsi uku a tsaye a kan fari, da bayanin cewa faɗinsu ɗaya, tazararsu ɗaya, kuma za a iya sa su a jikin tufa ko takalmi ko hula ta kowace fuska. Wani kamfanin Beljiyam, Shoe Branding Europe, wanda yake rikici da Adidas a kan ratsi biyu, ya nemi a soke rajistar. Ofishin ya soke a 2016. Adidas ta ɗaukaka ƙara, ta jibge dubban shafukan hujja: hotunan 'yan wasa, alƙaluman ciniki, kuɗin talla. Ranar 19 ga Yuni 2019 kotun da ke Luxembourg ta tabbatar da sokewar.

Ba cewa alƙalan suka yi ba su san Adidas ba. Cewa suka yi abin da aka rubuta a rajista shi ake karewa, ba abin da mai shi ke nufi a zuciyarsa ba. Yawancin hotunan da aka kawo fararen ratsi ne a kan baƙi, ko masu karkata, ko masu kauri daban, alhali baƙi a kan fari aka yi wa rajista. Suka ce in alama ta kai wannan sauƙi, ɗan canji kaɗan ya mai da ita wata aba daban, don haka waɗannan hotuna ba hujja ba ne. Binciken jin ra'ayin masu saye da ya dace da alamar kuwa ƙasashe biyar kawai ya shafa cikin 28 na tarayyar a lokacin. Ni ina ganin sun yi daidai. Da an bar rajistar, da kamfani ɗaya ya mallaki layi uku ta kowace fuska a jikin kowace tufa, daga Fotugal har Finlan. Sauƙin da ya sa yaro ke gane alamar daga nesa, shi ne ya hana a ja mata shinge mai faɗi.

Kotun ƙolin Nijeriya ta taɓa bin irin wannan hanyar a 2004, a shari'ar Ferodo da Ibeto. Ferodo na Ingila ya ce Ibeto na Nnewi ya kwaikwayi kwalin kayan birkinsa mai ja da baƙi da fari. Kotu ta ce sunan Ferodo shi ne shaidar da ke bambanta kayan, launukan kwali ƙawa ce da kamfanin bai tabbatar jama'a sun san shi da ita shi kaɗai ba, kuma kwalin Ibeto sunan Union ne a jiki.

Sai rigimar Thom Browne, mai zanen tufafin alfarma a Niyok, wanda rigar sanyinsa ɗaya kan haura dala dubu. Da farko sanduna uku yake sa wa a hannun riga. A 2007 Adidas ta yi masa magana, ya ƙara ɗaya suka zama huɗu, aka zauna lafiya shekara da shekaru. Da ya fara shiga kayan wasanni sai ta maka shi kotu a 2021, tana neman kusan dala miliyan 8. Ya riƙa zuwa zaman kotun da gajeren wando da doguwar safa mai ratsi huɗu a ƙafa ɗaya. Lauyoyinsa suka ce nasa a kwance suke, sun zagaye hannu ɗaya, na Adidas kuwa a tsaye suke bin tsawon hannu, kuma mai sayen wannan ba shi ne mai sayen wancan ba. Kama da wane dai ba ta wane. Ranar 12 ga Janairu 2023 masu taya alƙali suka wanke shi cikin 'yan sa'o'i. Bayan wata biyu Adidas ta sake yin tuntuɓe, ta ƙalubalanci rajistar tambarin ƙungiyar Black Lives Matter mai rawayen layi uku. Surutu ya yi yawa, cikin kwana biyu ta janye. Wannan kam wuce gona da iri ne, don ba mai hankalin da zai ga tambarin masu fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata ya zaci kamfanin takalma ne.

Shari'ar Browne ta ƙetara Turai. A watan Satumban 2024 kotun Nuremberg ta ba shi gaskiya. A watan Nuwamba babbar kotun Landan, ƙarƙashin mai shari'a Joanna Smith, ta duba rajista 16 na Adidas ɗaya bayan ɗaya, ta soke takwas. Dalilinta shi ne bayanin da ke cikinsu ya yi faɗi, hoto na nuna abu ɗaya rubutu na ba da damar abubuwa da yawa, har wani ɗan kasuwa ba zai iya buɗe rajista ya san inda aka hana shi taɓawa ba. Sauran rajistar ta bar wa Adidas, haka furen da sandunan nan uku ba wanda ya taɓa su. Amma ta ce Browne bai keta ko ɗaya ba, domin mai saye da ya ɗan natsu yana iya bambanta ratsi uku da huɗu.